YADDA BAƘO KE BIN JIRGIN ƘARƘASHIN ƘASA A BIRNIN SEOUL

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Haka ne, amma fa sai in mai tambaya da wanda a ke tambaya suna jin bakin juna. Baƙon da ya sauka Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ya shiga cikin mutane fiye da miliyan 9, ba ya jin harshensu, ba ya karanta rubutunsu. Duk da haka ran da ya sauka yana iya ratsa garin daga wannan gefe zuwa wancan shi kaɗai, muddin ya san ƙirga. Abin da ya jawo haka shi ne tsarin jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin garin, tsarin da mu ke zato akawu zai fi kowa ganin kyansa, domin aikin lamba ne da rajista.

Ran 15 ga Agusta 1974 aka buɗe layin farko, daga babbar tashar Seoul zuwa Cheongnyangni, tasha 9 cikin kilomita 7.8, da taimakon bashi da injiniyoyin Japan. A 1984 aka gama layi na biyu, wanda ya zagaye garin kamar ganuwa, ya haye kogin Han sau biyu. Daga nan aka yi ta ƙari, har layukan da ke da lamba suka kai 9, ban da waɗansu masu suna da ke fita zuwa garuruwan kewaye, inda da su da Seoul kusan rabin jama'ar ƙasar ke zaune.

Kowane layi da launinsa. Na biyu kore ne, na uku ruwan lemo, na huɗu shuɗi mai haske, na shida ruwan ƙasa. Launin nan yana kan taswira, yana kan alluna, yana biye da bango, har wanda zai sāke jirgi ba abin da zai yi sai ya bi launin da ya ke nema. Sa'an nan kowace tasha a layukan nan tana da lamba mai alƙaluma uku. Na farko shi ne layin, sauran biyun su ne matsayin tashar a jeri. Gangnam ita ce 222, Myeongdong 424, tashar fadar Gyeongbokgung kuwa 327.

Ga misalin da zai yi wa Musulmi amfani. A ce mutum ya sauka filin jirgin sama na Incheon ran Juma'a, yana son ya sami jam'i. Jirgi mai sauri zai kai shi babbar tashar Seoul cikin ƙasa da sa'a guda. A layi na huɗu lambarta 426. Ya shiga, ya ga 427 ta wuce, ya sauka a 428, watau Samgakji. Nan zai bi ruwan ƙasa zuwa layi na shida, inda wannan tasha ɗin ta koma 628. Tasha biyu gaba ita ce 630, Itaewon. Ya fita ta ƙofa ta 3, ya hau tudu, ga babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, ga kantunan abincin halal jere a hanya. Tun daga fili har bakin masallaci bai buƙaci karanta ko kalma ɗaya ta Koriyanci ba. In lamba tana hawa alhali ya kamata ta riƙa sauka, ya san ya juya wa inda za shi baya.

Batun ƙofa ba ƙarami ba ne. Tashoshin nan kamar kasuwa su ke a ƙarƙashin ƙasa, Gangnam kaɗai ƙofa 12 gare ta, kuma wanda ya fita ta wadda ba ita ba zai ga kansa a ƙetaren titin da ba a tsallaka shi sai an yi tafiya. Sabo da haka mutanen Seoul ba su yin alkawarin saduwa da sunan tasha kawai, sai sun haɗa da lambar ƙofa. Wanda zai ba ka kwatance, kada ka bar shi sai ya faɗi wannan.

Wajen biya, abin da ya fi sauƙi shi ne katin T-money, wanda aka fito da shi a 2004 sa'ad da aka haɗa lissafin bas da na jirgi. Ana sayensa a ƙananan kantuna, a zuba masa kuɗi, kuma gara baƙo ya riƙe takardun won a aljihu don wannan. A ɗora shi a kan ƙyaure wajen shiga, a sāke ɗorawa wajen fita. A 2025 aka mai da kuɗin shiga won 1,550, wanda ya ɗauki kilomita 10 na farko, bayansu ana ƙara won 100 a kowane kilomita 5. Wanda ya fita daga jirgi ya hau bas cikin minti 30 ba a sāke cire masa kuɗin shiga, ana lissafa tafiyar duka guda. Mai sayen tikitin tafiya ɗaya kuwa yana ajiye jinginar won 500, in ya sauka ya mai da tikitin cikin inji ya karɓi abinsa. Baƙi da yawa sun koma gida da tikitin a aljihu.

To, amma akwai inda lamba ke gazawa, kuma nan ne baƙi su kan ɓata. Layi na ɗaya ya rabu biyu a Guro, reshe guda ya nufi Incheon, guda ya yi kudu wajen Suwon da Cheonan. Na biyar ma ya rabu a Gangdong. A layi na tara kuwa akwai jirgi mai sauri da ke tsallake tashoshi, mutum yana ji yana gani a wuce da shi. A irin wuraren nan dole a duba sunan tashar ƙarshe da ke goshin jirgi. Ana rubuta shi da boko kuma, ana shela da Ingilishi, amma sunayen kan yi kama da juna. Sinchon da Sincheon suna layi guda, kogi a tsakaninsu, sun daɗe suna ruɗa mutane, har a 2016 aka sāke wa ta biyun suna Jamsilsaenae.

Don haka mu ke ba malamai shawara su koyi baƙaƙen Koriya kafin su tashi. Ana ce da su Hangul. Sarki Sejong ne ya ƙago su a 1443, aka bayyana su ga jama'a a 1446, da nufin talakan da ba shi da halin haddace dubban alamun rubutun Sin shi ma ya iya rubuta kukansa. Yanzu 24 ne, baƙi 14 da wasali 10, ana tattara su gaɓa gaɓa. Wanda ya taɓa koyar da aji ɗaya zai iya haɗa su cikin 'yan kwanaki. Ba zai san ma'ana ba, amma zai karanta sunan tasha, shi kuwa ke nan abin da a ke bukata.

A cikin jirgi ba a ɗaga murya. Kujerun ƙarshen kowane tarago na tsofaffi ne da masu lalura, samari kan bar su ko babu kowa a kai, akwai kuma masu ruwan hoda don mata masu juna biyu. Tun 1984 ɗan ƙasa mai shekara 65 ba ya biya, abin da yanzu ya zama nauyi a kan baitulmalin jirgin, tun da tsofaffi sai ƙaruwa su ke yi. Akwatunan gilashi da baƙo zai gani a dandamali cike da abin rufe fuska don hayaƙi, su ma da tarihinsu. Ran 18 ga Fabrairu 2003 wani mutum ya cinna wuta a jirgin birnin Daegu, mutum 192 suka rasu. Bayan wannan ne aka sāke kujeru da kayan cikin taragu da irin waɗanda ba su saurin kama wuta.

Jirgi na fara tashi wajen ƙarfe 5 da rabi na asuba, ya tsaya wajen tsakar dare. Na ƙarshen ba lalle ne ya kai ƙarshen layi ba, ya kan kwana a wata tasha a tsakiya, a fitar da kowa. Wanda ya yi dare a gari sai ya duba goshinsa kafin ya shiga, in ba haka ba sauran tafiyar a tasi zai yi ta.