Komawa ɗakin motsa jiki bayan dogon hutu: satin farko ne ya fi haɗari

Azumi, aikin gona da damina, zazzaɓin cizon sauro, haihuwa ko tafiyar fatauci: dalilan da ke raba mutum da ɗakin motsa jiki suna da yawa. A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, galibin masu komawa kuskure ɗaya suke yi. Sai mutum ya tsaya gaban ƙarfen da yake ɗagawa wata huɗu da suka wuce, ya ce daga nan zai ɗora.

Sassan jiki ba su raguwa tare. Juriyar zuciya da huhu ita ke fara sauka, cikin sati 2 zuwa 4 da barin horo. Ƙarfin tsoka ya fi daɗewa, kuma yana saurin dawowa ga wanda ya taɓa horo. Amma jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi suna da jinkirin sabawa da nauyi. Shi ya sa hannu kan iya ɗaga kilo 60 alhali kafaɗa, gwiwa da ƙugu ba su shirya ba, sai a samu targaɗe ko ciwon baya.

Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da kusan rabin nauyin da aka saba, kwana 2 ko 3 a sati, da kwana ɗaya na hutu a tsakani. Kafin a taɓa ƙarfe, a ɗumama jiki da tafiya ko sassarfa na minti 5 zuwa 10. Ƙarin nauyi kuwa sai kaɗan-kaɗan, bayan an ga jiki ya kammala sati ba tare da wani ciwo ba. Ƙungiyar lafiya ta duniya OMS ta shawarci manya su yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, tare da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Wannan mizani ne da ake isa gare shi a hankali, ba a satin farko ba.

A Nijar akwai kuma batun zafi. A watannin Afrilu da Mayu ana zarta digiri 40, kuma jiki na bukatar sati 1 zuwa 2 kafin ya saba aiki cikin irin wannan yanayi. Bayan sallar asuba ko bayan magariba ne lokacin da ya fi, a kuma sha ruwa kafin horo, a tsakiyarsa da bayansa.

Tsamin jiki da ke tasowa kwana 1 zuwa 3 bayan horo ba abin tsoro ba ne, yana wucewa da kansa. Wanda ya kamata a sani shi ne wani daban: in tsoka ta kumbura, ciwon ya tsananta, fitsari kuma ya yi duhu kamar baƙin shayi, alama ce tsokar ta lalace har abin da ke fita daga cikinta yana cutar da ƙoda. Wannan ba ya jiran gobe, sai a nufi likita nan take. Haka ma ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi.

Kada a rufe ciwo da ƙwayoyin bakin hanya. Diklofenak da ibuprofen suna ƙara wa ƙoda wahala in jiki ba ya da isasshen ruwa, tramol kuwa yana ɓoye ciwon ne kawai, ya bar mutum da jaraba.

Mai hawan jini, ciwon sukari ko ciwon zuciya, da matar da ba ta daɗe da haihuwa ba, ya kamata su fara biyawa ta CSI a duba su tukuna. Sauran kuma su tuna cewa sannu ba ta hana zuwa: ƙarfin da aka taɓa samu yana dawowa cikin ƴan makonni, amma jijiyar da ta yage kan zaunar da mutum watanni.