Zaɓen Sinadarin Garkuwa Wajen Auna FGF23

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa sakamakon awon FGF23 a cikin jini ya danganta ne ga irin sinadarin garkuwar da mai bincike ya yi aiki da shi. Abin nufi da sinadarin garkuwa shi ne furotin ɗin nan da jiki ke ƙerawa don ya gane wani abu guda ya cafke shi. Tun shekarar 1975 da Köhler da Milstein suka gano hanyar samar da shi iri ɗaya tak, ya zama babban makamin ɗakin gwaje-gwaje.

Aikin FGF23

An gano FGF23 a shekarar 2000. Ƙwayoyin ƙashi ne ke fitar da shi, ya bi jini zuwa ƙoda. A can, da taimakon furotin Klotho, yakan sa ƙoda ta zubar da fosfet cikin fitsari. Idan ya yi yawa sai fosfet ya yi ƙaranci a jini, ƙashin yaro ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe.

Awo Iri Biyu

Tubalan amino 251 ne suka gina wannan furotin, kuma jiki yakan datse shi tsakanin na 179 da na 180. Wanda aka datse ba ya aikin zubar da fosfet. Saboda haka awon ya kasu biyu. A na farko, sinadaran garkuwa biyu ne ke kama shi ta ɓangarorin biyu na madatsar, don haka cikakken furotin kaɗai ake ƙirgawa. A na biyu kuwa, duka biyun gefen wutsiya suke kamawa, sai a ƙirga cikakke haɗe da guntaye.

Bambancin yakan fito fili ga mai ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Jikinsa yana ƙera FGF23 da yawa, yana kuma datse shi da yawa. Awo na biyu zai nuna adadi ya hau, alhali na farko na iya nuna komai daidai. Likitan da bai lura ba sai ya ɗora wa mara lafiya cutar da ba tasa ba.

Kammalawa

Tun shekarar 2018 aka amince da maganin burosumab, wanda shi ma sinadarin garkuwa ne mai danne FGF23, ga masu gadon ƙarancin fosfet. Ke nan tantance wanda ya cancanci magani ya rataya a kan ingancin awo. Wajibi ne duk mai gabatar da sakamako ya bayyana ɓangaren da sinadarinsa ke kamawa, ya kuma duba matsayin ƙarfe a jinin waɗanda ya auna.