Muƙabala da Na'ura: Kwatanta Matani a Tsofaffin Kwamfutoci da Amfaninsa ga Mai Tace Rubutun Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tace rubutacciyar waƙa ya san da wuya a sami kwafi biyu da suka zo daidai wa daida. Ɗalibin da ke nazari a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, yana iya samo kwafin wata waƙar wa'azi a hannun wani malami a Kurfi, ya samo wani a cikin garin Dutsin-Ma, ya tarar ɗaya ya fi ɗaya yawan baitoci. A yau yakan zuba su a kwamfuta ta nuna masa inda suka saɓa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalin wannan dabara da yadda take aiki, domin a san iyakar inda za a dogara da ita.

2.0 Muƙabalar Malamai

Tun kafin zuwan na'ura malamai sun san wannan aiki, suna kiran sa muƙabala. Idan magatakarda ya gama kwafar littafi, sai mutum ɗaya ya riƙa karantawa, ɗaya yana bin asali da ido. Abin da aka tsallake a rubuta shi a gefen takarda, a bi shi da kalmar "sahha", watau ya inganta. Aikin kashi biyu ne: gano saɓani, da yanke hukunci a kan wanda ya fi inganci. Kashi na farko kaɗai na'ura ta ɗauka.

3.0 Yadda Tsofaffin Kwamfutoci Suka Yi Aikin

A 1964 kamfanin IBM na Amurka ya fito da manyan kwamfutocin System/360, waɗanda bankuna da ma'aikatu suka runguma. Ana shigar musu da rubutu ta katin da ake hudawa, kowane kati layi ɗaya ne mai gurbi 80. Gurbi na 73 zuwa na 80 akan bar su don lambar layi, saboda in katunan suka watse a iya mayar da su jere. Gyaran rubutu kuwa shi ne a zare kati a huda wani. Ko da aka sami manhajojin gyara a kan allo, irin su ISPF da XEDIT, layin nan mai gurbi 80 bai gushe ba.

Manhajar kwatantawa ta lokacin, IEBCOMPR, tana gwada layin farko da na farko, na biyu da na biyu, har ƙarshe. Aibinta shi ne in layi ɗaya ya faɗi daga fayil guda, duk abin da ya biyo baya sai ya zama saɓani, kuma da ta ci karo da saɓani goma a jere sai ta dakata.

Douglas McIlroy na cibiyar binciken Bell ya warware wannan da manhajar diff, wadda ta fito cikin tsarin Unix a 1974, ya kuma bayyana hanyarta tare da James Hunt a 1976. Hanyar ita ce a fara nemo jerin layuka mafi tsawo da fayilolin biyu suka yi tarayya a kansa, abin da ya rage shi ne saɓani. Alal misali, in kwafin Kurfi yana da baitoci A, B, C, D, E, na Dutsin-Ma kuwa A, C, D, F, E, tarayyarsu ita ce A, C, D, E. Sai ta ba da rahoto cewa an rasa B, an ƙara F. Daga baya IBM ta samar da SuperC, mai iya kwatantawa layi-layi ko kalma-kalma.

4.0 Inda Hausa Ke Samun Matsala

Na farko, haruffa masu ƙugiya. Jadawalin ASCII na 1963 mai gurbi 128, da na EBCDIC na IBM mai gurbi 256, babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu. Masu buga rubutu sai suka riƙa yin dabara, wani ya sa alamar hamza kusa da harafin, wani ya bar shi haka nan. In an bar shi, ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, sun zama abu ɗaya a wurin na'ura, saɓani na gaskiya ya ɓuya ke nan. Sai da Unicode ya fito a 1991 haruffan suka sami tabbataccen gurbi da kowa ya yarda da shi.

Na biyu, ƙa'idojin rubutu. Duk da aikin Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da tarurrukan Bamako a 1966 da Yamai a 1980, har yanzu ana samun "ya na" da "yana", ko 'ya'ya a Nijeriya da ƴaƴa a Nijar. Na'ura za ta lissafa waɗannan a matsayin saɓani, alhali kalmar ɗaya ce, har su yi yawan da za su rufe saɓanin da ake nema.

Na uku, canjin wuri. In magatakarda ya gabatar da baiti a kan wani, diff takan ce an share shi nan, an ƙara sabo can, ba ta gane baitin ɗaya ne. Har ila yau, abin da ake ba ta juyin ajami ne zuwa boko, don haka kuskuren mai juyawa yakan shiga a ɗauka na marubuci ne.

5.0 Kammalawa

Mai tacewa ya kamata ya adana juyin kowane kwafi yadda ya same shi, ya yi wani daban wanda ya daidaita wa ƙa'idar rubutu, ya sa kowane ɗango a layinsa, sa'an nan ya kwatanta. Duk saɓanin da na'ura ta nuna, ya koma ga takardar ajamin ya tabbatar. Hukunci kuwa sai da sanin karin waƙar da amsa-amonta, da karin harshen mawallafi, da hannuwan da kwafin ya ratsa kafin ya iso.