Yadda Ba'amurke Ke Zaɓar Ƙaramar Bindigarsa Ta Farko

A Amurka, sayen ƙaramar bindiga bai fi sayen babur wahala ba a jihohi da dama. Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a 2008 cewa gyara na biyu na tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa 'yancin ajiye ƙaramar bindiga a gida domin kare kai, a 2022 kuma ta faɗaɗa 'yancin zuwa fita da ita waje. Mai shekara 21 zai shiga shagon da ke da lasisi, ya cike takarda mai lamba 4473, hukumar FBI ta duba tarihinsa, sau da yawa cikin 'yan mintuna. Mai takardar zama ta dindindin ma doka ta ba shi dama, shi ya sa zancen ya shafi 'yan uwanmu mazauna can.

Tambayar farko da mai shago na kirki kan yi ita ce: me za ka yi da ita? Bindigar da za ta kwana a gida daban take da wadda za a soke a ƙugu. A nan ne sabon shiga ya fi ruɗuwa, domin idonsa kan tafi ga 'yar mitsitsiya, yana zaton za ta fi sauƙin sarrafawa. Akasin haka ne. Rashin nauyinta kan sa ta tokari hannu da ƙarfi in an harba, gajeren bakinta kuma ya sa saiti ya yi wuya. Mai matsakaicin girma, wadda tafin hannu ke kamawa sosai, yatsa ya kai kan kunama ba tare da miƙewa ba, ita ce masu horarwa suka fi nuna wa mai koyo.

Daga nan sai zaɓi tsakanin libarba da fistol. Libarba kan ci harsashi biyar ko shida, ba ta cika sarƙewa ba, amma kunamarta na da tauri. Fistol irin Glock 17, wadda aka fara ƙerawa a Ostiriya farkon shekarun 1980, tana ɗaukar harsashi 17, sai dai tana buƙatar ƙarfin hannu wajen ɗana ta, kuma ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa. Dattijuwar da amosanin gaɓɓai ya kama, Glock na iya zame mata kaya. Harsashi mai milimita 9 ya fi yawa da araha, kuma arahar ba ƙaramin abu ba ce, tunda wanda ba zai iya sayen harsashin atisaye ba, ƙarfe kawai ya ajiye. Filayen koyon harbi da yawa na ba da hayar bindigogi, mai hankali kan gwada uku ko huɗu kafin ya biya.

Abin da tallace-tallace ba sa faɗa shi ne, a 2021 mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, kuma sama da rabinsu kansu suka harbe. A ganina, wanda ke da yara ko mai fama da ciwon damuwa a gida, akwatin ƙarfe mai makulli ya kamata ya fara saya kafin bindigar.

A gida Najeriya kuwa lissafin daban ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Sufeto Janar na 'yan sanda ne doka ta ba ikon ba da lasisin bindigar farauta, bindigar toka kuma tana hannun kwamishinan jiha. Ko da Gwamna Bello Matawalle ya ce wa mutanen Zamfara a 2022 su nemi bindiga domin kare kansu daga 'yan bindigar daji, ba shi da ikon ba da lasisin ko da guda. Manomin Maru ko Anka da ya ɗauki maganar ya sayi fistol a ɓoye, kurkuku yake fuskanta in an kama shi, alhali masu zuwa masa da dare AK-47 suke rataye da ita.