Yadda mai koyon Python zai girka kayan aikinsa a inda sabis ba shi da tabbas

A watan Satumban 2021, gwamnatin jihar Katsina ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 domin daƙile 'yan bindiga, ciki har da Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. Garuruwa irin su Ruwan Godiya sun shafe watanni babu intanet. Ga matashin da ke koyon rubuta manhaja, irin wannan yanayi kan tsayar da karatu cak, sai dai idan ya yi tanadi tun da wuri.

Dalili shi ne, mai rubuta manhaja da harshen Python ba ya ƙirƙirar komai daga tushe. Yana aro ne daga ƙunshe-ƙunshen da wasu suka rubuta, kamar NumPy na lissafi, waɗanda ake ajiyewa a rumbun PyPI da aka buɗe a 2003. Manhajar da ke ɗauko su ita ce pip, wadda Ian Bicking ya fitar a 2008. Umarnin "pip install" kan sauko da ƙunshi tare da duk waɗanda ya dogara a kansu, amma sai da intanet.

Mafita tana cikin matakai uku. Da farko, umarnin "pip freeze" yana fitar da sunayen ƙunshe-ƙunshen da aka riga aka girka da lambar zubin kowanne, a adana su a fayil mai suna requirements.txt. Na biyu, idan an je inda sabis yake da ƙarfi, kamar Zariya, sai a yi amfani da "pip download -r requirements.txt" a kwashe su a filasha. Na uku, bayan an dawo gida, a girka su da "pip install" haɗe da "--no-index" da "--find-links", waɗanda ke umartar pip ta nemi kayan a filashar maimakon intanet.

Akwai abin lura guda: ƙunshin da aka sauke wa Windows ba lallai ne ya yi aiki a Linux ba, haka ma idan zubin Python ya bambanta. Saboda haka ya kamata kwamfutar da aka sauke da ita ta dace da wadda za a girka wa. Idan aka kiyaye wannan, filasha ɗaya za ta wadatar da aji guda na ɗalibai, kuɗin data kuma sau ɗaya za a biya.