Yadda Mai Kaurin Jiki Ya Tsere wa Sirara a Tokyo

Ranar 26 ga Yulin 2021, a gasar Olamfik ta Tokyo, an zo ƙarshen tseren nan mai hawa uku: iyo na mita 1,500, keke kilomita 40, sannan gudu kilomita 10. Mutum uku ne a gaba. Akwai Alex Yee na Birtaniya, siriri, wanda ya taɓa zama zakaran gudun mita 10,000 na ƙasarsa, da Hayden Wilde na New Zealand. Na ukunsu ɗan Norway ne, Kristian Blummenfelt, mai faɗin ƙirji da kaurin jiki, wanda ko kusa bai yi kama da ɗan tsere ba. Saura kamar kilomita ɗaya, sai ya ƙara wuta ya bar su a baya. Yana tsallake layi ya zube ƙasa yana amai, amma zinariya ta riga ta zama tasa.

Ta yaya aka yi haka?

Da farko mutum zai zaci yanayi ne ya taimake shi. To amma shi ɗan Bergen ne, garin sanyi da ya yi suna wajen yawan ruwan sama, ga shi kuwa zafi da gumi ake fama da su a Tokyo. In da yanayi zai yi magana, shi zai fara kayarwa.

Sai a ce sa'a ce. Ita ma ba ta tsaya ba, domin a 2018, a tsibirin Bermuda, 'yan Norway ne suka kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a gasar duniya: Casper Stornes, Blummenfelt, da Gustav Iden. Dukansu daga yankin Bergen suke, kuma tsakaninsu bai wuce shekara uku ba. Sa'a ba ta bin unguwa ɗaya sau uku. Ke nan sai a koma ƙuruciyarsu.

An haifi Blummenfelt a 1994, kuma da iyo ya fara. A cikin ruwa bai fi sa'o'insa ba, amma da zarar an fito da su gudu a tudu, sai ya yi musu fintinkau. Yana ɗan shekara 14 ya shiga tseren mai hawa uku a karon farko, ya kuma ci. Daga nan aka sa shi cikin 'yan samarin da ƙasar ta ware domin a raine su, inda daga baya koci Arild Tveiten ya riƙe su. Shekarun da ya yi yana iyo sun gina masa huhu da zuciya, son gudu kuma ya ba shi ƙafa.

Duk da haka akwai saura, domin samari masu son gudu sun cika duniya. Abin da ya rage yana cikin ɗigon jini. Tawagar ta ɗauko wani injiniya, Olav Aleksander Bu, ya mayar da atisaye abin awo. A tsakiyar gudu sai a tsayar da ɗan wasa, a ɗan huda masa yatsa ko kunne, a ɗiga jinin a wata ƙaramar na'ura. Ita ke nuna yawan sinadarin laktet, wanda kan taru idan aiki ya fi ƙarfin jiki. In ya haura, sai a ce masa ya sassauta, ko da kuwa yana jin ƙarfi.

Matashi mai ɗoki kullum so yake ya ƙure kansa, sai ya wayi gari a gajiye ko da rauni. Su kuwa waɗannan, yawancin atisayensu a hankali suke yi, shi ya sa suke iya tara awa talatin a mako, har da zaman makonni a tsaunukan Sierra Nevada na Sifaniya inda iska ba ta da kauri. Sannu ba ta hana zuwa.

Hujja ta ƙarshe ta zo a 2022. A watan Mayu Blummenfelt ya lashe gasar duniya ta Ironman a jihar Utah ta Amurka, wato iyo kilomita 3.8, keke 180, da gudu 42. A watan Oktoba kuma Iden ya lashe ta Hawai.