Gidan Ofera na Alƙahira: Tarihinsa da Matsayinsa a Al'adun Masar



Kafin mu shiga batun, ya kamata mu san abin da ake kira ofera. Wani nau'in wasan kwaikwayo ne da ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600, inda 'yan wasa ke rera maganganunsu da waƙa, makaɗa kuwa suna zaune gaban dandamali suna yi musu kiɗa.

Isma'il Pasha, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, shi ne ya sa aka gina wa irin wannan wasa gida a Alƙahira. Dalili kuwa shi ne bikin buɗe mashigin ruwa na Suwez, wanda ya gayyato manyan Turai su halarta. Magina daga Italiya suka tsara ginin, aka gama shi cikin wata shida, akasarinsa da katako, yana ɗaukar mutum 850. An buɗe shi ran 1 ga Nuwamba, 1869, da wasan Rigoletto na Giuseppe Verdi.

Mutane da yawa na zaton da wasan Aida aka buɗe gidan. Ba haka ba ne. Sai ran 24 ga Disamba, 1871 aka fara nuna shi, domin yaƙin Faransa da Jamus ya tsare tufafi da kayan wasan a birnin Paris. A nan akwai abin lura. Labarin Aida na Masar ne ta zamanin Fir'auna, amma Bafaranshe ne, Auguste Mariette, ya kawo shi, Ba'italiye ya tsara kiɗan, da Italiyanci kuma aka rera shi. Watau dai Masar ta biya kuɗi domin baƙi su ba ta labarin kanta.

Kuɗin kuwa na bashi ne. Ayyuka irin wannan, manya da ƙanana, suka taru suka nauyaya wa baitulmali, har a 1875 Isma'il ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a mashigin Suwez kan fam miliyan 4. Aka tuɓe shi a 1879, Ingila ta mamaye ƙasar a 1882.

Duk da haka, sannu a hankali Misirawa suka mai da gidan nasu. 'Ya'yan ƙasa suka koyi kiɗan da waƙar, suka karɓi shugabancinsa, har aka riƙa yin wasanni da Larabci. Saboda haka da gobara ta cinye shi ran 28 ga Oktoba, 1971, nasu suka yi wa kuka, ba na baƙi ba. A wurin an gina benen ajiye motoci, amma har yanzu ana kiran filin da sunan ofera. Sabon gidan, wanda Japan ta ba da kyauta, an buɗe shi a tsibirin Jazira a 1988.

A taƙaice, hukuma na iya tsai da gini cikin wata shida, amma ba zai zama na jama'a ba sai sun ji harshensu a cikinsa. Wannan ne ya kamata duk mai tsara gidan al'adu ya fara dubawa.